Wa Ake Yi wa Dariya? Tarken Tashe, Kamanci da Barkwancin Dandamali a Ma'aunin Shari'a

A shekarar 1983 aka fara bikin barkwanci na shekara-shekara a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, inda mutum ɗaya yakan hau dandamali, ba ganga ba garaya, ya yi ta zuba zance har jama'a su riƙe ciki. A Legas, Opa Williams ya buɗe irin wannan dare a 1995, daga bisani su Ali Baba da AY suka mai da abin sana'a mai tsoka, ana sayen tikiti ana cika manyan zauruka. A ƙarshen Satumba na 2025 kuwa birnin Riyad ya shirya nasa, ya gayyato fitattun masu barkwanci daga Amurka da Ingila. Wannan ya dawo da tsohuwar tambaya zaurukan karatu da sabon ƙarfi: mene ne hukuncin mutum ya riƙi ba da dariya sana'a, kuma mene ne hukuncin taruwa domin sauraronsa?

Kafin a tsallaka teku neman misali, ya kamata a waiwayi gida. Ƙasar Hausa tana da nata bikin ban dariya na shekara-shekara tun kafin a san tikiti, kuma a cikin watan da ya fi kowane wata alfarma ake yin sa. A garuruwan arewacin Zazzau, irin su Nasarawan Doya da Makarfi da Ikara da Kudan da Hunkuyi, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar azumi ya kai kwana goma sai yara da matasa su fito tashe bayan shan ruwa, gida-gida, zaure-zaure, da gemun auduga da tsummokara da gwangwanaye. Mai tsayuwa shi kaɗai ya ba taro dariya ma ba baƙo ba ne: ɗan kama ke nan, wanda ya daɗe yana kewaya kasuwanni da gidajen biki, har wani mai bincike Bature, C. G. B. Gidley, ya rubuta maƙala a kan sana'arsa a 1967.

Amsar da aka fi ji a kan waɗannan wasanni takan zo ne a dunƙule: ko a ce duk lagawu ne da ɓata dararen ibada, ko a ce al'ada ce, al'ada kuwa ba a taɓa ta. Dukkan amsoshin biyu sun tsallake tambayar da nassi ya fi damuwa da ita, wato a kan wa dariyar take sauka. Idan aka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya, abin da ke fitowa yana da ɗaci, domin fushin jama'a da na hukuma ya fi saurin tashi a inda shari'a ta bar sarari, ya kuma kwanta a inda ta yi hani ƙarara.

Abin da ba ya buƙatar dogon bayani

Asalin dariya da raha ba wurin saɓani ba ne. Aya ta 43 ta Suratun Najmi ta jingina sanya dariya da sanya kuka ga Allah Maɗaukaki. Rahar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tsohuwar da ta roƙi addu'ar shiga Aljanna, da mutumin da ya nemi abin hawa aka ce za a ɗora shi a kan ɗan taguwa, sanannu ne ga duk wanda ya karanta Shama'il na Tirmizi. A cikin sahabbai akwai Nu'aimanu bn Amru, wanda ya halarci Badar kuma ya shahara da barkwanci. Buhari ya ruwaito labarin wani Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi dariya, wanda aka sha yi wa haddin shan giya. Da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, da ya zo lissafa cututtukan harshe a cikin Ihya'u, ya raba raha da izgili gida biyu: ta farko abin zargi a cikinta shi ne wuce iyaka da dawwama, na biyun kuwa haramun ne matuƙar yana cutarwa. Wannan rabewa ita ce sandar awon da za a riƙe a nan.

Saura mas'alar ƙarya. Hadisin Bahzu bn Hakim da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar ya yi narko ga mai ƙarya domin ya ba mutane dariya, kuma da shi ne malaman da suka haramta wasan kwaikwayo baki ɗaya, irin su Shaihu Bakar Abu Zaid, suka fi kafa hujja. Sai dai ƙarya ita ce ba da labarin saɓanin abin da yake a matsayin shi ne gaskiya. Yaron da ya manna auduga a haɓarsa a ƙofar wani gida a Nasarawan Doya bai ce wa kowa shi tsoho ba ne. Uwar gidan ta san shi, ta san uwarsa. Zauren ilimin Zazzau ma ya daɗe da yanke wannan hukunci a aikace, tunda Maƙamatul Hariri tana cikin littattafan da ɗalibi ke sauka a gaban malami, alhali Abu Zaid As-Saruji mutum ne ƙagagge, ɗan damfara da ke shigar mai wa'azi ya sa jama'a kuka ya kwashe kuɗinsu. Hariri, wanda ya rasu a 516, ya kare kansa a gabatarwar littafin da cewa aikinsa kamar labaran da ake sanyawa a bakin dabbobi ne domin jan hankali. Wanda ya karɓi wannan uzuri daga Hariri ba shi da hanyar hana shi ga ɗan tashe. Inda hadisin Bahzu yake cizo shi ne inda mai barkwanci ya ƙaga wa wani mutum sananne abin da bai yi ba, ya sake shi a matsayin labari.

Malamin da ya yi rawa

A cikin wasannin tashe babu wanda ya kai Ka Yi Rawa ƙwarewar gini. Yaro ne ke shigar malami, da babbar riga da rawani da allo da gemu. 'Yan amshi suna tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuwa yana musantawa da kakkausar murya, yana kafa hujja da gemunsa da carbinsa. Ana matsa masa, yana ƙara rantsuwa, har a ƙarshe, wai don ya nuna irin rawar da bai yi ba, sai ya taka ta sarai a gaban kowa. Babu tsayi, babu ashar, kuma babu wata kalma ta Littafi da aka taɓa. Dariyar tana sauka ne a kan tazarar da ke tsakanin tufa da hali, tazarar da aya ta 44 ta Suratul Baƙara da farkon Suratus Saffi suka yi kakkausan zargi a kanta. Mai wa'azi zai iya share sa'a guda yana bayanin riya bai kai inda yaran nan ke kaiwa cikin ɗan lokaci ba, domin sun nuna wani abu da bayani ba ya kamawa: yawan musu shi kansa rawa ne. Abin lura kuma, a ƙofar malamai ake yin wasan, su yi murmushi su ba da sadaka. Al'ummar da ta bar 'ya'yanta suna tuna wa masu rawani wannan sau ɗaya a shekara ba ta raina ilimi ba. Ta san dai ɗaukar ilimi ba ya kankare ɗan Adam daga jikin mai ɗaukarsa.

Ɗan kama ya fi yaran tashe shiga haɗari, domin jarinsa kwaikwayon salo ne. Yakan ɗauki waƙar wani babban makaɗi ya bar karinta yadda yake, ya cire sarki ko attajirin da aka wasa ya sa tuwo da miya da fura a gurbinsu. Yakan kuma zauna zaman mai tafsiri, ya gyara murya, ya kawo mas'ala da rassanta da saɓanin da ke cikinta, amma duk a kan loma da malmala da wanda ya fi cancanta da ƙashin miya, jama'a suna amsa masa kamar yadda ake amsa wa mai addu'a. Wanda ya saba da adabin Larabci zai gane fuskar nan da nan. Ash'ab na Madina, wanda ya rasu a 154, ana buga misali da kwaɗayinsa, an ce da aka nemi ya kawo hadisi sai ya jero isnadi tsaf a kan wasu ɗabi'u biyu masu girma, da aka ce ya faɗe su sai ya ce malaminsa ya manta ɗaya, shi kuma ya manta ɗayar. Kuma Haɗib Al-Bagdadi, mai Tarihin Bagadaza da Al-Kifaya a ilimin ruwaya, shi ne ya tattara littafi sukutum a kan 'yan cin bikin da ba a gayyace su ba, At-Taɗfil. Ibnul Jauzi, mai wa'azin da ke sa dubban mutane kuka, ya rubuta Akhbarul Hamƙa wal Mugaffalin, ya kuma ware babuka a ciki ga wawayen makaranta Alƙur'ani da masu ruwaya da limamai da alƙalai. Manyan malamai ba su ɗauki dariya a kan 'yan ajinsu ridda ba.

To amma akwai iyaka, kuma ɗan kama yakan taka ta. Kwaikwayon zaman malami da tarin muryarsa da kwaɗayinsa abu ne guda. Ɗaukar lafazin aya ko hadisi ko kiran salla a cusa masa sunan abinci wani abu ne daban. Na farko ya taɓa mai ɗauke da saƙo, na biyu ya taɓa saƙon. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun sauka a kan mutanen da suka kare kansu da cewa hira da wasa kawai suke yi a hanyar Tabuka, ba a kuma karɓi uzurin ba. Suyuɗi ya ambata a cikin Al-Itƙan cewa Malikawa sun shahara da tsananta wa mai tsarma lafazin Alƙur'ani a cikin zancensa, ya kuma kawo rabe-raben da ke sanya tsarmawa a cikin shashanci a sashen da aka yi watsi da shi. Alƙali Iyal, wanda ake karanta Ashafarsa a masallatan Zazzau a cikin wannan wata da ake tashe, ya ware fasali a kan wanda ya ambaci Annabawa a wurin raha ba da nufin aibatawa ba, ya hukunta masa ladabtarwa gwargwadon munin furucinsa. Saboda haka kamancin da ya tsaya a kan salo yana da gurbi mai faɗi, wanda kuma ya ari lafazin wahayi ba shi da mafaka, ko da mai yinsa ya fi kowa sallar dare. Abin da ya kamata a yaba wa gwanayen wannan sana'a shi ne cewa ba su buƙatar lafazin. Wanda ya iya kama yadda malami ke gyara zama idan an shigo da akushi ya riga ya gama aikinsa. Mai rauni a sana'ar shi ke neman dariya ta hanyar girgiza mutane da abin da suke girmamawa.

Inda ba a jin fushin kowa

Wasan Macukule tsoho ne, kuma yara na son sa. Ana shigar Bagwari da tsumma da baƙin fuska, ana karya harshe yadda ake zaton Gwari na karya Hausa, ana tambayarsa abin da yake ci yana amsawa da abubuwan ƙyama. A tashen Gwauro, wanda Nalako ya shahara da jagorantarsa a Kano, mutumin da azumi ya riske shi ba mata ake nema, a ɗaura masa igiya a kewaya da shi gari. A tsakanin waɗannan akwai ƙananan wasanni da ba su da suna, na kwaikwayon makaho yana lalube, da gurgu, da mai i'ina, da kurma da ake faɗa masa abu ya amsa wani. Da wuya a ji huɗuba a kansu. Malamin da zai fusata idan an kwaikwayi mai tafsiri, shi ne zai yi dariya har hawaye idan an kwaikwayi Bagwari.

Alhali a nan nassi ya fi fitowa fili. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta ware mata ta maimaita musu hanin, ta hana aibata juna da jifa da miyagun laƙubba, ta kuma ba da dalili: mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yi alheri. Aya ta 13 ta bayyana cewa an yi ƙabilu ne domin sanin juna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta kwaikwayi wani mutum a gaban Annabi, sai ya nuna ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi dukiya mai yawa. A ruwayar kuma akwai tsawatarwar da ya yi mata a kan ishara da gajartar Nana Safiyya. Masu haramta wasan kwaikwayo sukan jawo wannan hadisi ya rufe kowane irin kwaikwayo, amma siyaƙinsa a kan tozarta wani mutum ne da siffar da ba shi ya yi wa kansa ba. Idan akwai wasan da hadisin ya nufa kai tsaye, to na makaho da mai i'ina ne. Malamin Ka Yi Rawa yana iya daina rawa gobe. Makaho ba ya iya daina makanta.

Masu kare Macukule sukan ce ai wasan ƙabilu tsohon abu ne, kuma yana kashe gaba. Gaskiya ne akwai barkwancin taubasantaka, tsakanin 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, da tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa. Amma sharaɗinsa a bayyane yake: kowane ɓangare yana da baki, kuma yana nan a wurin. Bakano ya tsokani Bazazzagi a kasuwar rake ta Makarfi, kafin ya rufe baki an mayar masa da wadda ta fi tasa, a tashi kowa na dariya. Wannan yana shiga ƙarƙashin abin da Gazali ya togace, na mutumin da ya yarda a yi wasa da shi kuma ba ya cutuwa. A Macukule kuwa Bagwarin ba ya nan. An ari fuskarsa ne aka sa masa maganar da aka ga dama, kuma yaron da ya taso yana rera wasan shi ne zai girma ya haɗu da Gbagyi a Kaduna ko Abuja da wannan hoto a kansa. A jihar da zaman ƙabilu ya sha jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk Bahaushen da ransa ya taɓa ɓaci da yadda wasu masu barkwancin Legas ke fito da "aboki" a matsayin mai gadi marar wayo ya riga ya san amsar, sai dai bai juya madubin ba.

Masu sana'ar a rediyo da talabijin da faifai

Lokacin da barkwanci ya koma akwatin talabijin, ƙasar Zazzau da Kaduna ne suka ba da gwanayen farko. Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, ya gina Karambana a kan hali: mutum mai shisshigi, mai tsoma baki a abin da ba a kasa da shi ba, wanda kowace unguwa tana da irinsa. Dariyarsa ba ta buƙatar naƙasar kowa. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, lamarinsa ya fi ban sha'awa, domin Samanja Mazan Fama da karyayyar Hausar bariki yake magana, abin da a zahiri ya yi kama da Macukule. Bambancin shi ne Pategi tsohon soja ne kuma ba Bahaushe ba. Harshen gidansa na bariki yake yi, kuma Samanja, duk da hargaginsa, shi ne mai gaskiya da riƙon amana a yawancin labaran. Mai kallo yana dariya tare da shi, ya tashi yana ƙaunarsa.

Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya fi su duka baiwa, ya kuma fi su gauraya. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne da ya san talaka ciki da bai, kuma a finafinan camama mafi kyawunsa ya fito da ɗan ƙauyen da birni ke son cuta, ya juya wautarsa ta zama makami a kan ɗan sanda mai neman na goro da boka da attajiri mai rowa. Fuskarsa kaɗai, kafin ya buɗe baki, ta isa jumla. Amma kasuwar faifai tana son fim kowane mako, kuma idan dabara ta ƙare sai a koma ga abin da ya fi sauƙi: karin harshen wata ƙabila, ko mace mai ƙiba, ko gajeren mutum da aka sa a fim saboda gajartarsa kawai. Da yawa daga magadansa a wayoyin hannu wannan ɓangaren suka gada, ba wancan ba.

Abin da ya kai Ibro gaban hukuma shi ne ya fi bayyana karkacewar ma'aunin. A 2008, a zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan batun rajistar kamfani da fim ɗin Ibro Aloko, kuma mutane da yawa sun danganta kamun da wata waƙa da aka ɗauka habaici ce ga gwamnatin lokacin. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu kwana 30, saboda ɓata sunan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Ba a nan za a sake shari'ar ba, kuma ba daidai ba ne a ce mutuncin shugaba halal ne. Ƙage ƙage ne ko a kan wa aka yi shi, kuma wuraren shida da Nawawi ya togace daga giba, kamar kai ƙarar zalunci da neman taimako wajen kawar da munkari, ba su haɗa da neman tafi ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin aikin mai mulki, wanda haƙƙin jama'a ne su yi magana a kansa, da halittar miskini, wadda ba haƙƙin kowa ba ce. Bulala ta sauka saboda na farko. Na biyun kuwa ana ta yaɗa shi dare da rana, har a wayoyin ɗaliban ilimi, ba mai ɗaga gira. Idan kariyar mutunci ta zama tana bin girman kujera, to sunanta kariyar sarauta, kuma bai kamata a ara mata rigar Suratul Hujurati ba.

Katangar da ta faɗi

Akwai wani abu da tsohon tsari yake da shi wanda dandamali da waya suka rasa. Tashe yana da lokaci: kwanaki ƙididdigaggu a tsakiyar wata, bisa al'ada kafin goman ƙarshe ta ɗauke hankalin mutane zuwa tahajjudi. Yana da wuri: ƙofar gidan da aka san mai shi, wanda yake iya cewa a wuce, a kuma wuce. Ladansa hatsi ne ko 'yan kuɗi kaɗan, ba abin da zai sa yaro ya sayar da kunyarsa ba. Ɗan kama ma yana kallon idon masu sauraronsa. Idan ya ga dattijo ya sunkuyar da kai ya san ya kusa iyaka, ya karkata. Waɗannan su ne suka tsare abin daga dawwama da wuce iyakar da Gazali ya zarga, su ne kuma suka raba mai raha da majini, wanda masu sharhin Muhtasar Halil suka ce ba a karɓar shaidarsa saboda bai damu da abin da ya faɗa ko aka faɗa masa ba.

Bikin tikiti yana rushe wannan ta fuska guda: wanda ya biya kuɗi mai yawa yana jiran dariya a kowane numfashi, mai barkwancin kuwa dole ya samar da ita ko ta halin ƙaƙa. Waya tana rushe shi ta wata fuskar. Wasan Ka Yi Rawa da aka yi a ƙofar limami a Kudan, liman yana dariya, idan aka yanke daƙiƙa talatin aka watsa, zai isa ga wanda bai san limamin ba, bai ga dariyarsa ba, bai ma san tashe ba, ya gan shi a matsayin cin mutuncin malamai, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ji daɗinsa a matsayin haka. Kuma gwauron da a da ake kewayawa da shi dare ɗaya gari ya manta, yanzu hotonsa da igiya a ƙugu yana nan har 'ya'yan da zai haifa su girma su gani. Fatawar da aka gina a kan urfin zaure ba za ta ɗauku zuwa TikTok yadda take ba, domin cutarwar da illar hukuncin ke bi ta canja girma.

A Kano, rundunar 'yan sanda ta sha ba da sanarwar dakatar da tashe a 'yan shekarun nan, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Dalilin tsaro ne, kuma ba a raina shi. Sakamakonsa dai shi ne an rufe nau'in da ke da lokaci da wuri da dattijon da zai tsawata, an bar wanda ba shi da ko ɗaya. A ƙananan garuruwa irin su Nasarawan Doya, inda mai unguwa da liman da malamin Islamiyya suka san kowane yaro da sunan ubansa, gyaran bai kai wahalar haka ba: malamin da ke koyar da yaran Hujurati da safe yana iya ce musu su bar Macukule da kwaikwayon makaho, su zo ƙofar gidansa da daddare su yi masa Ka Yi Rawa.